Ramin da Ya Kai Ni Damagaram

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Wata shida ke nan da dawowata daga Damagaram, kuma da wuya in zauna a dakalin masallacin unguwarmu a Fagge bayan la'asar ba a ce in sake ba da labarin ba. Na bayar har na fara jin ana ƙara masa abin da ban faɗa ba. Wani ya ce an tsare ni kwana uku a kan iyaka, wani kuma ya ce a kan raƙumi na dawo. Abin da ya riƙe ni shi ne karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in yi kuskure a takarda ya zauna har bayan raina, ko in ɓata wa wani rai ban sani ba. Da na rubuta na nuna wa mai gidana a wurin aiki, Malam Isa, ya karanta ya ce babu laifi. To ga yadda abin ya kasance.

Ni dubagari ne, shekara ashirin da 'yan kai ina wannan aiki. A da aikinmu leƙa randuna ne da kwatoci da duba naman mahauta. Tun da kuɗin mai ya shigo gari kowa ya tashi da gini, sai aikina ya koma bin zanen gine-gine. In an kawo zane ofis, kafin Malam Isa ya sa hannu, ni ake aikawa filin in auna tsakanin inda za a haƙa salga da rijiyar da ta fi kusa. Ƙa'idar da aka koya mana ƙafa ɗari ce. Ina da igiya mai tsawon ƙafa ɗari, da ƙulli a kowace ƙafa goma, kuma sau biyu nake aunawa, wani lokaci sau uku, don hankalina ba ya kwanciya da awo ɗaya.

A bazarar da ta wuce aka kawo zanen Mista Okeke. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni, ya dawo bayan yaƙin basasa ya sake kafa kantin kayan gini kusa da kasuwa. Ya sayi wani dogon fili a bakin Fagge, tsohon garken jakuna, zai gina masaukin baƙi mai bene, da bayan gida na ruwa. Irin wannan bayan gida sai da babban rami da ƙazanta za ta riƙa tsiyaya a ciki, wanda magina ke kira sokawe. Rijiyar da ta fi kusa ita ce ta masallacinmu. Duk ranar da famfo ya ɗauke, kuma yanzu ya fi ɗaukewa da zuwa, ita rabin unguwa ke sha, 'yan garuwa kuma su ɗiba su tsallaka titi su kai Sabon Gari.

Na auna, ƙafa ɗari da ashirin. Ƙa'ida ta cika har da saura. Amma daidai inda aka zana sokawen, ƙasa ta ɗan lotsa ta yi zagaye kamar faifai. Mista Okeke ya ce shi ya sa ma ya zaɓi wurin, ai tsohuwar marina ce aka ce masa, ƙasar za ta yi saukin haƙa. Na tambayi dattawa. Biyu suka ce marina, ɗaya ya ce rumbu, limaminmu ya ce yana yaro kamar ya taɓa ganin mata da guga a wurin, amma ba zai rantse ba. Abin da ya hana ni barci shi ne wannan: in tsohuwar rijiya ce, to ƙazantar masauki guda ba ƙasa za ta bi ta tace ba, kai tsaye za ta sauka cikin ruwan da muke sha.

Na roƙi a tona a gani. Kashegari da na koma na tarar an sauke bulo mota biyu a kan wurin. Mista Okeke bai yi faɗa ba, ya dai nuna mini buhunan siminti a ƙarƙashin tamfol, ya ce damina ta kusa, in ruwa ya same su sun zama dutse, kuma ba zai sa a kwashe bulo don kawai ƙasa ta lotsa ba. Malam Isa ma ya ce ba a hana mutum gini da zato. Ranar Laraba ce. Ya ce ran Litinin da hantsi zai sa hannu, sai fa in na kawo masa abin da ya fi "kamar".

Liman ne ya tuna cewa wanda ya haƙa rijiyar masallaci wani Babarbare ne, Baba Ari, kuma ya koma Damagaram tun kafin a sami mulkin kai. Ko yana da rai, Allah ne masani. Ban taɓa wuce Daura ba a rayuwata. Na nemi hutun kwana biyu, na ɗauki katin aikina da katin allura da kwafin zanen da igiyata, na tafasa ruwa na cika gora. Mai ɗakina ta ce in haka ne in tafi da randar ma.

Ranar Alhamis da sassafe na shiga fijo a tasha. Mu tara ne ban da direba. Aka matse ni a kujerar baya kusa da wata dattijuwa mai ƙiba, Hajiya Dije, 'yar Damagaram, wadda ta saro atamfa a kasuwar Kwari. Ba mu kai Kazaure ba na ji ta zabura. Murfin gorata ya kwance, ruwa yana bin ƙullin kayanta. Na yi ta ba da haƙuri ina gogewa da hular kaina. Da ta duba ta ga leda ta kare atamfar, sai ta huce, ta tambaye ni abin da zai sa mutum ya ɗauki ruwa daga Kano kamar zai tafi Agadas. Na faɗa mata gaskiya, cewa ba na son shan ruwan da ban ga rijiyarsa ba. Ta sanar da duk motar. Daga nan har Damagaram sunana Bakano mai gora, kuma ita ce ta zama uwar ɗakina a tafiyar.

Titi lafiya lau har Daura, sai manyan motocin siminti da ke ture mu gefe. Direba na gudu, ni kuwa idona na kan allurar da ke nuna gudun mota, har ya lura ya rufe ta da tsumma. A Daura muka yi azahar, na sha fura da nono a hannun wata Bafulatana bayan na tabbata ba ta ƙara ruwa ba.

A kan iyaka, ɓangarenmu bai ɗauki lokaci ba. A ɗaya ɓangaren aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jandarma siriri ya buɗe jakata, ya zaro igiyar yana ƙirga ƙullin, sannan ya warware zanen. Ya juya shi sama da ƙasa, ya tambaye ni taswirar wane gari ce, kuma jan zagayen nan da na yi da biro me ke wurin. Na fara bayani tun daga ranar da aka ɗauke ni aiki. Hajiya Dije ta matso ta katse ni.

"Kai ɗan nan, bar wahalar da kanka. Wannan bawan Allah masai yake aunawa a Kano. Gwamnati ke biyansa."

Jandarman ya kira babbansu, suka yi Faransanci suna dariya. Babban ya tambaye ni da Hausa ko da gaske ne akwai awo tsakanin masai da rijiya. Na ce akwai. Sai ya ce in zo in auna musu nasu. Muka zaga baya, shi da kansa ya riƙe bakin igiyar a jikin masai, ni kuma na ja zuwa rijiyar da matafiya ke sha. Duk taku ina addu'a, don ban san abin da zan ce ba in ta gaza, a ƙasar mutane, ga bindiga a kugunsa, kuma ƙarya ba zan iya ba. Igiya ta ƙare saura taku huɗu a kai rijiya. Na ce masa ta wuce ƙa'ida. Ya buga mini hatimi da ƙarfi, ya sara mini.

Daga nan ƙasa ta canza, rairayi da gawo da geza, garuruwa nesa da juna, alamar farin da aka yi bai gama barin dabbobi ba. Abin da na fi kallo rijiyoyin bakin hanya ne. An ɗaure su da siminti tun daga ƙasa, an ɗaga bakinsu ya kai gwiwa, an kuma yi wa dabbobi kwamin sha can gefe. Na yaba ƙwarai, na zana ɗaya a bayan katina. Sai dai igiyar guga a ƙasa suke janta, ta bi ta kan kashin shanu ta koma ciki. A wannan kam matan Fagge sun fi su, don su a kan reshe ko ƙusa suke rataye igiya.

Bayan Matamai taya ta fashe, ta sauyin kuma ba iska. Muka zauna a inuwar gawo fiye da awa biyu ana jiran wata mota. Hajiya ta fito da kilishi ta raba wa kowa, ta ce ni kada a ba ni, tunda ban ga saniyar ba. Na ci, kuma ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Rana na shirin faɗuwa muka shiga Damagaram, ta tsakanin wasu manyan duwatsu masu santsi da ke zaune a cikin gari kamar an ajiye su da hannu.

Ban san kowa ba, niyyata in kwana a tasha. Hajiya ta ce ba a gabanta ba. Ta kai ni gidan wanta, Malam Mamman, a unguwar Zango, wanda ke saukar da fatake. Aka ba ni tabarma a zaure tare da wasu Buzaye biyu masu cuku da dabino. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Sannan aka ajiye mini buta ɗaya ƙarama. Na wanke hannu da fuska da ƙafa yadda na saba, na miƙa a ƙaro. Malam Mamman ya ƙaro. Sai da safe na ga yadda ɗaya daga cikin Buzayen ya yi alwala cikakkiya da abin da bai kai kofin shayi biyu ba, na kuma ga layin tuluna a bakin famfon unguwa tun asuba, babu ko ɗigo. Ashe butar farko ta kwana ce har da asuba. Na ji kunya ƙwarai. A Kano muna kukan ruwa, amma ba mu san tsadarsa ba.

Karin kumallo burodi ne dogo kamar sanda, mai ɓawo da tauri, sai an tsoma a shayi. Shayin ma ba irin namu ba ne mai madara a babban kofi. Buzayen suka dafa shi a 'yar buta kan gawayi, baƙi ƙirin, a ɗan gilashi. Na sha na farko na yi godiya na tashi. Malam Mamman ya riƙe mini riga, ya ce sau uku ake sha, wanda ya tashi a na farko ya raina mai shayi. Na zauna na shanye ukun. Har azahar zuciyata na bugawa kamar na yi gudu.

Ranar Juma'a gaba ɗaya ta tafi a neman Baba Ari. Ari a Damagaram kamar Garba ne a Kano. Na farko da aka kai ni wurinsa baduku ne a unguwar Birni, ya kusa sayar mini da jaka. Na biyu ya rasu bara, kuma mai sayar da kanwa ne. Aka ce in je ofishin masu kula da rijiyoyi. Na isa rana tsaka na tarar an rufe, don su can da rana kowa gida yake tafiya ya kwanta, sai wajen la'asar a sake buɗewa. Da aka buɗe, wani saurayi mai fara'a ya duba littafi ya ce su ma'aikatan siminti kawai suka sani, ba su rubuta masu haƙar gargajiya. Na fito jikina a sanyaye. Saura kwana biyu, ga hanya.

Bayan masallacin Juma'a ya watse da daɗewa na zauna kusa da wani tsoho mai sayar da guga da igiyar kaba. Na sayi igiyar da ba na bukata don in sami bakin magana. Da na ambaci Fagge sai ya ɗago. Ya ce ai Ari na Fagge ake ce masa, idonsa ya tafi, yana Mirya wurin 'yarsa, cikin lambuna. Ya ce in yi sauri, don tsohon ya fi shi da shekara goma, shi kuwa ga yadda na gan shi.

Asabar da safe Malam Mamman ya sa ni a wata a-kori-kura mai zuwa Mirya. Tafiyar ba nisa. Garin kore ne shar, ga mangwaro da gwaba da rake, kowane lambu da rijiyarsa marar zurfi. Na sami Baba Ari a ƙarƙashin bishiyar tsamiya, ɗan ƙaramin tsoho da manyan hannuwa, yana tufka igiya ba tare da ya gani ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goron da na taho da shi. Ya tambayi mutanen Fagge ɗaya bayan ɗaya, kusan duk wanda ya ambata sai in ce Allah ya ji ƙansa. Ya tambayi rijiyar masallaci, ko har yanzu ruwanta na da ɗan garɗi a ƙarshen rani. Na ce yana da shi. Ya yi murmushi ya ce zurfinta gaba tara ne da rabi, shi da wansa suka haƙa ta.

Sai na kawo maganar garken jakuna. Bai bari na gama ba. Ya ce wannan ai rijiya ce, ƙanwar ta masallaci, a rani ɗaya suka haƙa su, kuma jijiyar ruwansu ɗaya. Na tambaye shi yadda ya sani. Ya ce duk shekarar da suka shiga yasar ta garke suka dama laka, kashegari ta masallaci sai ta wayi gari da gurɓata, amma in ta masallaci aka yasa, ta garke ko gezau. Wato ruwan daga garke yake gangarowa zuwa masallaci. Na ce masa na auna tsakaninsu, ƙafa ɗari da ashirin, ƙa'ida ta cika. Ya nemi igiyar, ya shafa ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ya yaba ɗaurin.

"Igiya mai kyau, malam. Amma a sama ka ja ta. A ƙasa babu ko taku ɗaya tsakaninsu."

Na tambayi dalilin da ya sa ba a cike ta ba da aka daina amfani da ita. Ya ce mai gidan ne ya rasu, magada suka mai da wurin garke, suka ce a cike kada jaki ya faɗa. Amma su mahaƙa ba sa kashe rijiya mai rai, ko nawa za a ba su, haka ya gada a wurin ubansa. Abin da suke yi, su jera azara a bakinta, su shimfiɗa zana, su zuba ƙasa kamu biyu, sannan su binne rabin dutsen niƙa a kife a tsakiya. Duk mahaƙin da ya ci karo da shi ya san akwai ruwa a ƙasa, ko ya buɗe ko ya kauce. Na ce masa masu haƙa na yanzu leburori ne daga ko'ina, ba wanda ya san wannan alama. Ya ajiye igiyar da yake tufkawa. Can ya ce to ba ita kaɗai ba ce. Bakwai ya rufe haka da hannunsa tsakanin Fagge da bakin Sabon Gari.

Na fito da biro. Ba titi ya sani ba, ba lamba, sunayen masu gidajen kawai yake tunawa, mutanen da suka rasu tun ina yaro. Na rubuta, na karanta masa, ya gyara, na sake karantawa. Muka kira wani malami maƙwabci ya rubuta maganar rijiyar garke da ajami, Baba Ari ya dangwala yatsa. 'Yarsa ta kawo dambun zogale da ruwa a ƙwarya. Na sha ruwan, ban tambayi rijiyarsa ba. Da zan tafi ya ce in gaya wa mai filin kada ya cike ta, ruwanta ya fi na masallaci daɗi.

Lahadi na yi sallama da Malam Mamman da Hajiya Dije, wadda ta ba ni cuku ta ce in kai wa mai ɗakina ladan haƙuri da ni. Motar dawowa ba ta cika ba sai bayan azahar, ta kuma lalace a Daura, dole na kwana a can. Litinin da asuba na sami motar kayan gwari, na zauna a kan buhun albasa. Da muka iso Kano a Bata na sauka na shiga tasi, ban ko biya gida ba. Na shiga ofis da ƙura da warin albasa, na tarar zanen na kan tebur, Malam Isa yana waya. Da ya gama na miƙa masa takardar ajamin, ya karanta sau biyu, ya ce dangwalen makaho ba hujja ba ce a ofis, amma dutsen niƙa abu ne da ido zai gani. Ya ɗauki hularsa muka tafi filin.

Mista Okeke ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce zai sa a kwashe bulon, amma in ba a ga dutse ba, ni zan mayar da su da hannuna. Na yarda. Leburori huɗu suka kwashe, suka fara haƙa. Mutanen unguwa suka taru, har liman. Kamu ɗaya, babu komai sai ƙasa da tsohon kashin jaki. Na fara tunanin ko tsufa ya rikita Baba Ari, ko wani garken yake nufi, na kuma fara ƙirga bulon da ido. Sai diga ta yi ƙara. Aka share da hannu, ga rabin dutsen niƙa a kife. A ƙarƙashinsa azara ce a jere, baƙa, ba ta ruɓe ba. Aka ɗaga guda ɗaya, iska mai sanyi ta fito. Mista Okeke ya tsuguna ya ɗauki tsakuwa ya saki. Muka yi tsit har muka ji ta faɗa ruwa.

Ya daɗe a tsugune. Matarsa na da gidan abinci a Sabon Gari, kuma 'yan garuwan da ke kai mata ruwa a rijiyar masallacinmu suke ɗiba. Ya tashi ya kaɗe wandonsa ya dube ni.

"Malam, da 'ya'yana zan fara shayarwa ke nan."

Aka sake zane. Sokawe ya koma can ƙarshen filin ta bakin titi, inda ƙasa ta gangara ta bar rijiyoyin biyu a baya, kuma ya ci masa ɗaki biyu. Ya yi ƙorafin ɗakunan, ba zan ɓoye ba, har yau in mun haɗu sai ya ce ga mutumin da ya cinye masa ɗaki biyu. Siminti kuma bai lalace ba, ruwan farko bai sauka ba sai da aka yi rufi. Tsohuwar rijiyar bai cike ta ba. Ya sa aka yashe ta, na ba shi zanen da na yi a bayan katina, aka ɗaure ta da siminti aka yi mata murfi, ya fitar da ƙofa ta waje don 'yan unguwa. Baba Ari ya yi gaskiya game da daɗin ruwan. Na aika masa da labari ta hannun Hajiya Dije, ta dawo ta ce ya ji, ya kuma tambaya ko an sami sauran.

Wannan ne ya sa na daure na rubuta. A cikin shidan da suka rage mun gano biyu, ɗaya a bayan wani shagon tela, ɗaya a tsakar gidan haya, an yi musu alama a ofis. Saura huɗu. Ga su yadda ya faɗa mini: ta gidan Tanko mai kanwa, ta gidan Goni Mustafa mai raƙuma, ta gidan wata Inna Yalwa mai ƙosai, da wata a bakin Sabon Gari a gidan wani kafinta Bayarabe wanda ya manta sunansa, ya dai ce akwai kurna biyu a ƙofar. Ina roƙon duk wanda ya san inda ɗaya daga cikin gidajen nan yake a da, ko kakarsa ta taɓa ambata masa, ya zo masallacin unguwa a Fagge ya tambayi dubagari, ko ya bar saƙo wurin liman. Ko bai tabbata ba ya zo, ni zan je in duba. Magina da leburori kuma, in digarku ta ci karo da rabin dutsen niƙa a kife, don Allah ku dakata ku aiko. Damina ta wuce, an koma haƙa ko'ina, kuma kowace safiya sabon zane nake tararwa a kan teburina, ban san wanne ne ke zaune a kan ruwanmu ba.